Yadda ake ba mai ciwon daji maganin raɗaɗi a gida: abin da jinyar Gwaggo ta koya mini

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ta yi wata goma sha ɗaya a ɗakina kafin Allah Ya karɓi abinSa. Sankarar mama ce. An yi aiki, an yi kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, daga baya cutar ta bi ƙashi, ta kama ƙugu da haƙarƙari da ƙashin baya. Duk wanda ya shigo dubiya ya ce, "Gwaggo, ya jiki?" amsar ɗaya ce: "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Ni da nake kwana a tabarma gefen gadonta na san abin da ke ƙarƙashin wannan "da sauƙi". Wajen ƙarfe biyun dare sai in ji numfashinta ya sauya, in haska tocila in tarar ta cusa bakin zaninta a baki ta dantse, zufa na tsattsafo mata a goshi cikin tsakiyar hunturu, duk don kada ta yi nishi ta tashe ni.

Ni nas ce, a lokacin na haura shekara goma ina aiki. Duk da haka, wata biyun farko Panadol nake ba ta da rana, in abin ya yi tsanani da dare in yi mata allurar rage ciwo ta penta. Likita ya rubuta mofin, maganin raɗaɗi mai ƙarfi, na karɓo, kwalbar tana ƙasan akwatina ban ko buɗe ta ba, saboda abin da muka taso muna ji: wai mai sa maye ne, wai sai wanda ya kusa tafiya ake ba shi. Har yau in na tuna watanni biyun nan zuciyata suya take yi. Shi ya sa nake rubuta wannan ga masu jinya a gida. Adadin da zan ambata na manya ne, kuma na kawo shi ne domin ku gane abin da aka rubuta muku a kati, ku san abin da za ku tambaya. Tsayar da magani da yawansa aikin likitan da ya duba majinyacinku ne, wanda ya san halin ƙodarsa da hantarsa.

Ku fara da koyon tambaya

Mutanenmu masu kunya ne da dauriya, tsofaffi mata kuma sun fi kowa. Suruka ba za ta ce wa surukinta ƙugunta na sara ba, uba ba zai yi raki gaban 'ya'yansa ba. Don haka "ya jiki" gaisuwa ce kawai, ba ta fito da komai. Abin da wata tsohuwar nas ta koya mini shi ne awo da yatsu. A dunƙule hannu, babu ciwo ke nan. Yatsa ɗaya, ɗan kaɗan. Yatsu biyar a buɗe, ciwon da ya fi ƙarfin haƙuri. Ranar da na fara cewa, "Gwaggo, ba sai kin yi magana ba, nuna mini da hannu," ta daɗe tana kallona, sannan ta buɗe yatsu biyar duka, ta kawar da kai.

Bayan yawansa, ku tambayi irinsa, domin iri ne ke nuna magani. Zugi ne mai nauyi wuri ɗaya da ke ƙaruwa in an motsa? Sau da yawa na ƙashi ne. Murɗa ne da ke zuwa ya lafa? Na hanji ne. Ƙuna ce kamar an zuba barkono, ko fizga kamar lantarki da ke bin ƙafa ko hannu, ko fata ta ƙi ko taɓin zani? Wannan na jijiya ne, kuma maganinsa daban. Mutum ɗaya kan iya samun iri biyu ko uku a lokaci guda.

Ku sayi littafin rubutu na 'yan makaranta. Ku ja layi: lokaci, sunan magani, yawansa, yatsu nawa kafin a sha, yatsu nawa bayan awa ɗaya, da ranar da aka yi bayan gida. Duk wanda ya karɓi jinya, shi zai rubuta. In kuka je asibiti da littafin nan, likita zai gyara magani cikin minti biyar, maimakon ya yi ta lalube.

Agogo ne ke ba da magani

Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma shi na yi. Muna jira sai majinyaci ya yi kuka kafin mu miƙa ƙwaya, kamar yadda muke yi da ciwon kai. Ciwon daji ba ya wucewa da kansa, abin da ke jawo shi yana nan dare da rana. In maganin ya ƙare a jini, ciwon zai dawo, kuma kwantar da wanda ya riga ya tashi ya fi cin magani da lokaci fiye da tsare shi kafin ya taso. Ga kuma fargaba: wanda ya san ciwo na nan tafe ba ya barci ko da a lokacin ba ya jin komai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin da har yau ake bi a 1986. Ginshiƙansa su ne a ba da magani ta baki matuƙar mutum na iya haɗiya, a ba shi kan lokaci ko akwai ciwo ko babu, a hau daga mai sauƙi zuwa mai ƙarfi kamar tsani, kuma a auna wa kowa nasa. Maganar baki ɗin nan ina so a ji ta da kyau, domin mu mun yarda allura ta fi ƙwaya. A jinyar da za ta ɗauki watanni, allura wahala ce kawai: jiki ya rame, babu tsoka, wuri ya kumbura ya yi ƙurji, kuma sai an jira mai yi.

Matakin farko da na biyu

Parasitamol shi ne ƙasan tsani. Babba na shan giram 1, wato ƙwaya biyu masu miligiram 500, duk awa 6, kada ya wuce giram 4 a yini da kwana. Wanda ya rame ƙasa da kilo 50, ko hantarsa ta taɓu, ana rage masa. Ku lura da cewa magungunan mura da yawa da irin haɗin da ake ƙulle wa mutane a leda a kemis suna ɗauke da parasitamol a ciki, sai a ninka ba a sani ba, hanta ta ji jiki. Wanda kuma ke tsakiyar kemo, a auna zafin jikinsa kafin a ba shi, saboda yana ɓoye zazzaɓi, zazzaɓin mai kemo kuwa da ya kai 38 maganar asibiti ce a take.

Sai dangin ibuprofen da daikulofenak, irin su Brufen da Cataflam da Feldene. Suna da kyau ƙwarai ga ciwon ƙashi da kumburi, amma suna cin ciki, suna taɓa ƙoda, suna sa zubar jini. A sha bayan abinci, guda ɗaya tak daga cikin dangin, kada a haɗa biyu, kuma likita kan ƙara omepirazol don kare ciki. Mai olsa, mai ciwon ƙoda, wanda ba ya iya shan ruwa sosai, da wanda ƙarinsa ke zubar da jini, su nisance su. Bayan gida ya koma baƙi kamar kwalta? A tsaya, a tafi asibiti.

Mataki na biyu shi ne tiramadol da kodin. Sunansu ya ɓaci a wurinmu saboda shaye-shayen matasa, har gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018. Tiramadol na asibiti miligiram 50 ne ko 100, kuma ba a wuce 400 a yini da kwana. Waɗancan masu 200 da 225 da ake sayarwa a ɓoye ba na jinya ba ne, kada wani ya kawo muku da sunan taimako. Tiramadol na da iyaka: in an kai ƙarshensa ciwo bai kwanta ba, ƙari ba zai ƙara sauƙi ba, sai dai ya jawo jiri da amai, wani lokaci har da farfaɗiya. Likitoci da yawa yanzu tsallake matakin nan suke yi su fara mofin kaɗan, kuma a abin da na gani da idona hakan ya fi.

Penta kuwa, wato pentazosin da ake sayarwa da sunan Fortwin, da allurar petidin, ba su dace da ciwon daji ba sam. Aikinsu gajere ne, penta na rikita tunani, tana lalata fata da tsoka in aka yawaita, kuma in aka yi wa mai shan mofin tana iya ture mofin ɗin ciwo ya dawo sabo. In kuka kai majinyaci wani ƙaramin asibiti da dare, ku faɗa da bakinku cewa yana kan mofin, ku nuna littafi.

Mofin na ruwa

Mofin shi ne mataki na uku na tsanin. Garinsa ne ake damawa da ruwa da sinadarin hana lalacewa a ɗura a kwalba. Wata likita mai suna Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a Najeriya, ita ta yaɗa wannan dabara mai araha a Afirka bayan ta kafa Hospice Africa a Yuganda a 1993, kuma tun 2004 ƙasar ta ba nas-nas da aka horar izinin rubuta shi. A nan gida, asibitin koyarwa na Ibadan, bisa ƙoƙarin Farfesa Olaitan Soyannwo, na cikin na farko da suka buɗe sashen kula da irin waɗannan majinyata. Inda ya kamata ku nema shi ne famasin asibitocin koyarwa da cibiyoyin lafiya na tarayya, da takardar likita. Ku tambayi sashen ciwon daji ko sashen sauƙaƙa raɗaɗi. Wani lokaci yakan yanke, don haka kada ku bari sai kwalba ta ƙare. In ya rage na mako guda, a tashi mutum.

Abu na farko, ku karanta jikin kwalba. Akwai mai miligiram 5 a cikin mil (mililita) 5, wato kowane mil miligiram ɗaya ne. Akwai mai miligiram 50 a cikin mil 5, wanda ya ninka na farko sau goma. Duk lokacin da kuka karɓo sabuwa, ku sa mai ba da magani ya nuna muku a jikin sirinji inda za ku tsaya, ku ɗaura ɗan zare ko filasta a wurin. Da sirinji marar allura ake aunawa. Cokalin gida ba ma'auni ba ne, wani babba ne wani ƙarami.

Yawanci ana farawa da miligiram 5 duk awa 4, tsoho ko wanda ya yi rauni sosai 2.5. Yana fara aiki cikin kamar rabin awa, ya riƙe awa huɗu. Jadawalin da muka bi da Gwaggo shi ne ƙarfe 6 na safe, 10 na hantsi, 2 na rana, 6 na yamma, sai 10 na dare. Na 10 ɗin dare likita ya ce a ninka shi biyu domin ya haɗe da na ƙarfe 2, ta samu ta kwana ba tare da an tashe ta ba. Yarinyar da ke taya ni ba ta da agogo, sai muka ɗaure abin da salla: bayan an dawo daga asuba gari ya waye, sai walaha, sai azahar, sai gab da magariba, sai shirin kwanciya. Na kuma saita ƙararrawa a waya, don salla kan matsa da yanayin shekara.

Daren farko na auna mil 5 da hannuna yana rawa. Ta haɗiye, ta yatsine fuska don ɗaci, na bi mata da ruwan zuma. Na zauna ina ƙirga numfashinta har barci ya sace ni a zaune. Kiran assalatu ne ya farkar da ni, na tarar tana kwance a gefen da ta yi wata uku ba ta iya kwanciya a kansa, bakinta a ɗan buɗe, zanin yana inda yake. Da ta tashi ta ce, "'Yar nan, ashe haka barci yake?" Na fita tsakar gida na yi kukana.

Ko ana bin agogo, ciwo kan kutso tsakani. Don haka likita kan rubuta na ko-ta-kwana, wanda yawansa daidai yake da na awa huɗun. In ciwo ya taso ƙarfe 12, a ba da shi, sannan na ƙarfe 2 ya zo a kan lokacinsa, ba a ɗaga shi. In awa ɗaya ta wuce bai lafa ba, ana iya maimaitawa, amma a kira likita ko nas. Kuma in kun san abin da ke tayar da shi, kamar wanka, wankin gyambo, ko shiga mota zuwa asibiti, ku ba da shi rabin awa kafin a fara.

Da na ko-ta-kwanan nan ake gane ko magani ya isa. Ga lissafin yadda ya faru da mu. Gwaggo na shan 5 sau shida, in an ƙirga na daren da aka ninka a matsayin biyu, 30 ke nan a yini da kwana. Sai littafi ya nuna kwana biyu a jere tana buƙatar ƙari sau uku, wato 15. An haɗa ya zama 45, aka raba gida shida, sabon awo ya zama 7.5. Na karanta wa likita ta waya, shi ya ce a ƙara. Mofin ba shi da iyaka irin ta tiramadol. Wani 5 ya ishe shi har ƙarshe, wani sai ya kai ninkin haka sau da yawa, kuma yawan ba ya nufin ajali ya matso. Awon da ya dace shi ne wanda ya kwantar da ciwo ya bar mutum a farke yana hira. In an fara mofin, ana ajiye tiramadol da kodin, amma parasitamol na iya ci gaba.

In awo ya daidaita, akwai ƙwayar mofin mai saki a hankali da ake sha duk awa 12. Ita ba a dakawa, ba a taunawa, ba a rabawa, don duk maganin awa goma sha biyu zai fita lokaci guda. Akwai kuma fentanil na liƙawa a fata da ake sauyawa duk awa 72, mai tsada da wuyar samu, kuma ba shi ne penta ba duk da sunan ya yi kama. Zafi na sa ya shiga jiki da sauri, don haka mai shi ya guji gashi da ruwan zafi a wurin da zama cikin rana, in ya yi zazzaɓi kuma a sanar da likita.

Abin da mofin ke zuwa da shi

Taurin bayan gida ba ya tsallake kowa, kuma jiki ba ya sabawa da shi. Ranar da aka fara mofin, ranar ake fara maganin sakin ciki. Bisakodil, wato Dulcolax, ƙwaya ɗaya ko biyu da dare, ko ƙwayar sena, wadda dangin filaskon nan ce da iyayenmu suka sani, ko ruwan laktulos. A yi ta ba da ruwa, da kunun tsamiya, da gwanda, da miyar kuɓewa, amma abinci kaɗai ba ya isa. Kwana uku babu bayan gida, a faɗa wa nas. Na ga majinyatan da aka yi ta ƙara wa mofin don ciwon ciki, alhali bayan gida ne ya daskare. In kuma ciki ya kumbura, ana amai, ko iska ba ta fita, kada a ƙara maganin sakin ciki, a je a duba ko hanji ne ya toshe.

Tashin zuciya kan zo wa wasu a makon farko, ya wuce da kansa. Kafin ya wuce ana ba da metokulopiramid ko halopiridol kaɗan da dare. Gyangyaɗi ma na kwana biyu zuwa uku ne, rabinsa kuma bashin barci ne mutum ke biya. Bushewar baki, a riƙa kurɓar ruwa, a tsotsi ƙanƙara ko yankan abarba.

Ga alamun da ke nuna magani ya yi yawa: barcin da in an tashe shi ba ya iya buɗe ido ya amsa, sambatu da ganin abin da babu, gaɓoɓi na fizga, baƙin tsakiyar ido ya tsuke kamar kan allura, numfashi ya ragu ƙasa da sau 10 a minti. Ku dakatar da awo na gaba ku kira likita nan take. In ba ya farkawa ko numfashin ya yi ƙasa sosai, a tafi asibiti, akwai allurar naloksan mai warware shi. Wannan ba kasafai yake faruwa ba in an hau a hankali. Ya fi zuwa ga wanda ƙodarsa ta gaza ko fitsarinsa ya ragu, domin ta ƙoda ragowar mofin ke fita, ko wanda aka haɗa masa da ƙwayar barci irin diyazepam ba da sanin likita ba. Haka duk wani jiƙo ko garin gargajiya da ake ba shi, ku faɗa. Ba faɗa za a yi muku ba, so ake a san abin da ke shiga jikin.

Ranar da Baffa ya ga kwalbar

Yayan mahaifina ne, shi ne babba a gidan. Ya kira ni zaure ya ce, "Ke da kike ma'aikaciyar asibiti, ƙwaya za ki koya wa 'yar'uwata a ƙarshen rayuwarta?" Na durƙusa na ce, "Baffa, Allah Ya ba ka haƙuri, ka shigo ka gani." Ya shiga ya tarar da ita zaune a kan darduma, an jingina mata matashi, tana sallar la'asar. Wata biyu kafin nan ko Fatiha ba ta iya kaiwa ƙarshe sai ciwo ya katse ta. Bai sake ta da maganar ba, daga baya ma shi ke aiko da kuɗin mota a je karɓo magani.

Abin da na bayyana masa shi ne, mai shaye-shaye yana neman maye ne, majinyaci kuwa ciwo ke cinye maganin, kuma in an bi awo hankalinsa na nan daram. Jaraba ba ta cika kama mai ciwon daji da ke sha bisa ƙa'ida ba, sai dai wanda dama yana da tarihin shaye-shaye, shi a gaya wa likita tun farko don a ƙara sa ido. Gaskiya ne jiki na sabawa, shi ya sa ba a yanke shi rana ɗaya. In ciwo ya ragu, misali bayan gashin ƙari da na'ura a asibiti, a hankali ake saukowa. Batun cewa yana gaggauta mutuwa kuma, abin da ya sa mutane ke ganin haka shi ne ana hana shi sai kwana biyun ƙarshe, sai a ɗora masa laifin cutar. Gwaggo ta yi wata tara tana sha. Game da azumi, Alƙur'ani a Suratul Baƙara ya riga ya ɗauke wa marar lafiya, kada a bar tsoho ya yini cikin azaba don kunyar ajiye azumi. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya je wa malaminsa da bayanin likita a hannu.

Ciwon da mofin ba ya gamawa da shi

A wata na shida Gwaggo ta fara cewa kamar ana zuba mata garwashi daga ƙugu zuwa ɗan yatsan ƙafar hagu. An ƙara mofin, sai barci ya ƙaru, ƙunar tana nan. Ciwon jijiya ke nan. Aka sa mata amitiriptilin miligiram 10 da dare, daga baya 25. Ba ya aiki a daren farko, sai an yi kwanaki, wani lokaci mako biyu, don haka kada a yi saurin cewa bai karɓa ba. Yana busar da baki, yana iya riƙe fitsari ga tsofaffi maza, kuma ba a son haɗa shi da tiramadol. Gabapentin da piregabalin ma wannan aikin suke yi, ana farawa kaɗan saboda jiri.

Deksametason na rage kumburin da ke kewaye da ƙari. Ana ba da shi ga ciwon kai na ƙarin da ya hau ƙwaƙwalwa, da ciwon hantar da ta kumbura, da jijiyar da aka danne. Da safe ake sha da abinci don yana hana barci, yana ɗaga sukari, yana kawo farin fatsa-fatsa a baki, kuma shi ma ba a yanke shi kwatsam. Murɗar hanji ko mafitsara, Buscopan. Gyambon da ke wari, a daka Flagyl ya yi laushi a barbaɗa bayan an wanke da ruwan gishiri. Warin nan na hana 'yan dubiya zama, kaɗaicin kuwa ciwo ne shi ma.

Ciwon ƙashi a wuri ɗaya, ku tambayi likita maganar gashi da na'ura, wato ƙona ƙarin da haske mai ƙarfi. Sau da yawa zama ɗaya tak kan rage shi na watanni. Akwai sashen gashi a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja. Ku kira ku tabbatar da rana kafin ku ɗora majinyaci a mota. Akwai kuma ƙarin ruwa na zoledironik da ake yi kamar duk wata don ƙarfafa ƙashi, bayan an gwada ƙoda. Abu ɗaya da ba ya jiran safiya: sabon ciwon baya mai ɗaure ƙirji ko ciki kamar ɗamara, ƙafafu su yi nauyi ko su mutu, fitsari ya tsaya ko ya riƙa zuba. Laka ce ake dannewa, kuma awanni ne ke raba mai tafiya da wanda ba zai sake takawa ba.

Cicely Saunders, wadda ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan a 1967, ta koyar da cewa ciwon mai wannan cuta ya haɗa jiki da zuciya da iyali da imani. Na ga hakan. Akwai makon da yatsun Gwaggo suka koma huɗu ba tare da wani sauyi a jikinta ba. Da na matsa, ashe bashin adashi ne ke damunta, tana tsoron ta tafi da haƙƙin mutane. Aka biya a gabanta, aka kira uwar adashin ta ce ta yafe sauran. Washegari yatsa ɗaya ta nuna.

Kwalbar mofin a kulle take zama, makulli a hannun mutum ɗaya, nesa da yara, nesa da rana, kuma in akwai matashin da ake zargi a gidan a riƙa duba yawan abin da ya rage da abin da ke littafi. Ba a sammar wa maƙwabci mai ciwon haƙori. In za a yi tafiya, takardar likita ta kasance tare da kwalbar saboda jami'an NDLEA masu yaƙi da miyagun ƙwayoyi a hanya.

In haɗiya ta gagara, kada a tsayar da magani don mutum ya daina magana. Ku duba goshi ko ya tattare, ku saurari nishi lokacin juya shi. Ana iya komawa mofin mai ƙarfi, wato mai miligiram 50 a mil 5, a ɗiga 'yan ɗigo a cikin kunci a kan lokacinsa, ko nas ta sa ƙaramar allura a ƙarƙashin fata, inda ake ba da kamar rabin awon baki. Kwana ukun ƙarshe na Gwaggo da ɗigo muka yi su, ina jiƙa mata leɓe da auduga, Baffa na gefe yana karanta mata Yasin. Ta cika ranar Talata bayan azahar, goshinta a sake. Bayan addu'ar bakwai na mayar da ragowar kwalba ɗaya da rabi famasin da na karɓo, suka rubuta a littafinsu, na sa hannu.